Allura a Hannun Kowa: Ina Abincin Tela?

Akwai wata gardama da takan tashi idan Zumuntar Mata ta shirya ajin koyon ɗinki a ikkilisiya. Ba a cika yin ta a gaban taro ba, sai a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Abin da ake koyarwa ba shi da yawa: ɗinka maɓalli, kalmasa bakin zane, sauya zif, yi wa wandon makaranta faci a gwiwa. Amma cikin masu sujada akwai tela, kuma da irin waɗannan ƙananan ayyuka yake sayen garin tuwon gidansa. Shin daidai ne a koya wa jama'a abin da zai rage wa ɗan'uwa abincinsa?

Tambayar ba abin dariya ba ce. Wanda ya zauna a Legas ya san telolin nan masu yawo da keken ɗinki a kafaɗa, suna kaɗa almakashi domin a san sun iso. Ana kiransu obioma, kuma da yawansu daga Arewa da Nijar suka zo. Ba su da shago, ba a kawo musu ɗinkin biki. Faci ne dukan sana'arsu, saboda haka kowane maɓallin da aka ɗinka a gida, kuɗinsu ne ya tsaya a aljihun wani.

Duk da haka, wanda ya ce a rufe ajin yana neman abu mai nauyi: gwauruwa mai 'ya'ya huɗu ta zauna cikin rashin sani domin wani ya ci riba. Abincin da ya dogara ga jahilcin maƙwabci ba abin da ikkilisiya za ta tsare ba ne. Dokas ta Yafa, wadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta ba da labarinta, taimakon da ta yi wa matalauta da allura ta yi shi, kuma rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Babu inda aka ɗauki aikinta laifi ga masu sana'ar garin.

Ban da haka, an ɗora laifin a inda ba ya nan. Allurar uwargida ba ita ta karya sana'ar tufafi a ƙasar nan ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi ta, yayin da dilolin gwanjo da yadin waje mai araha suka cika kasuwanni irin su Katangowa. Gwanjo ya rufa wa talaka asiri, wannan babu musu. Sai dai ya koya wa mutane wani hali: riga ta yage, a mai da ita tsumma, a sayi wata. Gidan da ya saba da haka ba ya kiran tela ko kaɗan.

Matar da ta koyi faci kuwa ta daina ganin yagaggiyar riga kamar matacciya. Ƙaramin aiki za ta yi da kanta, amma rage faɗin riga, ko juya wuyan taguwa da ya cinye, ta san ya fi ƙarfinta, sai ta kai wa mai keke. Kuma da yake ta taɓa ɓata rabin yini a kan zif ɗaya, allura ta soke ta har ta ga jini, da wuya ta tsaya tana taya aikin tela da wulaƙanci kamar dā.

Saura kuma yadda ake shirya ajin. Sau da yawa telan ikkilisiya ake roƙo ya koyar, ya kawo kekensa da zarensa, a sallame shi da godiya da addu'a wai ai aikin Ubangiji ne. Nan ne ainihin rashin adalcin yake. Kwamitin da ya iya sayen yadi da almakashi ya iya sa ladan mai koyarwa cikin lissafin kuɗin ajin tun daga ranar farko.