Karen Tibet: Laifin Wa Ne?

Arewa da ƙasar Indiya, bayan duwatsun Himalaya, akwai wata ƙasa da a ke kira Tibet. A kan tudu ta ke, tudun kuwa ya ɗara ƙafa 13,000 bisa teku, ga sanyi mai tsanani, ga ƙarancin iska. Makiyayan ƙasar su na zaune a cikin tantuna, su na kiwon tumaki da wani irin sa mai dogon gashi, sunansa yak. Tun kaka da kakanni su na da wani ƙaton kare mai geza kamar ta zaki, wanda nauyinsa ya kan kai kilo 60. Da harshensu su na ce masa do-khyi, watau karen ɗaure.

Karen nan daɗaɗɗe ne. Marko Polo, mutumin Italiya da ya ratsa ƙasashen gabas a ƙarni na 13, ya ba da labarin karnukan Tibet, ya kwatanta girmansu da na jaki, ko da ya ke matafiyi ba ya rasa ƙarin gishiri. Masanan zamanin nan sun bincika jininsa, sun tarar kakanninsa sun yi barbara da kyarkecin tudun, can ya gaji jimirin zama inda iska ba ta isa. Ashe maƙiyin garke ya na da rabo a jikin mai tsaron garke. A 1847 Lord Hardinge, Gwamna-Janar na Indiya, ya aika wa Sarauniya Biktoriya da guda ɗaya a Ingila.

To, ga halinsa. Da rana a ɗaure ya ke a ƙofar tanti, ya na barci. In dare ya yi a kwance shi, ya kama kewaya garke har gari ya waye, saboda kyarkeci da damisa da ɓarawo. Da mutanen gida ya na da haƙuri, amma ba ya sakin jiki da baƙo, don haka mai zuwa ziyara ya kan tsaya daga nesa ya yi kira a riƙe kare tukuna. Ba shi da saurin bin umurni. Mai neman karen da zai ce masa zauna ya zauna, sai ya kira wannan taurin kai. Amma a duba: ina amfanin mai gadin da sai ya jira umurni, alhali mai umurnin ya na minshari? Makiyaya sun daɗe su na zaɓen wanda zai yanke shawara shi kaɗai cikin duhu, su na barin mai jiran a gaya masa. Amanarsa da taurin kansa abu guda ne, ba a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Daga baya sai attajiran ƙasar Sin su ka mai da shi abin ado. A 2011 an ba da labarin wani ja da a ka sayar yuwan miliyan 10. Masu neman riba su ka duƙufa kiwonsa. A ka kai shi birane masu zafi, a ka kulle shi a gidajen da ba garke, ba fili, sai baƙi masu shiga da fita dare da rana. Ya yi abin da ya gada, ya yi haushi, ya yi cizo, a ka ce mugu ne. Bayan 'yan shekaru kasuwa ta faɗi, a ka yi ta sakinsu, su ka koma yawo ƙungiya ƙungiya a lardin Cinhai, su na far wa mutane da namun daji.

Wani zai ce uwar yaron da a ka ciza ba ruwanta da tarihin kare. Gaskiya ne, kuma dole a tsare mutane daga gare shi. Sai dai tsare kare daban, ɗora masa laifi daban. Laifi ya na kan mai iya zaɓi, kare kuwa bai zaɓi halinsa ba, bai zaɓi birni ba. Wanda ya saya ya ga geza ya yi sha'awa, bai tambayi aikin da a ka yi gezar dominsa ba.

Ɗawainiyar ta koma kan mutanen tudun. Yawancinsu mabiya addinin Buda ne, su na ƙyamar kisan mai rai, saboda haka su kan zuba wa karnukan abinci a bakin gidajen ibadarsu, karnukan kuma su yi ta haihuwa a wurin.