Waƙar da ke Yabon Wiwi

Karatu: Afisawa 5:15-20

Kwanan baya na hau babur daga Birnin Kudu zuwa wani ƙauye a hanyar Gwaram domin wa'azi. Yaron da ya ɗauke ni ɗan ikkilisiya ne, shi ke buga mana ganga ran Lahadi. Wayarsa na ta kiɗa, mawaƙin yana yabon wiwi. Da na yi magana sai ya ce, "Baba, kiɗan kawai nake ji, ba na sha. Kuma ba Allah ne ya halicci ganyen ba?"

Wannan hujja ba shi ya ƙirƙiro ta ba. 'Yan Rasta na Jamaika sun daɗe suna jingina da Farawa 1:29 da Zabura 104:14. A 1976 Peter Tosh ya fitar da faifan Legalize It, yana neman a halatta wiwi. A 1978 Bob Marley ya fitar da Kaya, sunan da su ma wiwi suke nufi da shi. A Legas, Fela Kuti bai taɓa ɓoye shan ta ba. Ba zan ce mutanen nan ba su faɗi gaskiya ba. Sun yi waƙa a kan zalunci da yunwar talaka, kuma akwai zaluncin, akwai yunwar. A nan haɗarin yake: wanda ya gane ciwonka daidai, in ya miƙo maka magani ba ka tsayawa dubawa.

Maganar halitta ba ta da wuya. Allah ne ya halicci zaƙami ma, amma babu uwar da ke sa shi a miya. Littafi Mai Tsarki bai ambaci wiwi da suna ba, kada mu sa masa abin da bai faɗa ba. Sai dai a 1 Korintiyawa 6:12 Bulus ya ƙi yarda wani abu ya mallake shi, ko da halal ne.

Maganar "kiɗan kawai nake ji" ita ta fi damuna. Da me muke koya wa yara ayoyi a makarantar Lahadi? Da waƙa. Tsohuwa takan manta wa'azin makon jiya, amma waƙar da ta koya tana yarinya tana nan daram. To, ba ma iya cewa waƙa tana da iko ran Lahadi, ran Litinin kuma ta zama ƙara kawai. A karatunmu na yau Bulus ya jera buguwa da waƙa kusa da juna, domin dukansu cika zuciya suke yi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana iya kama buhun wiwi a kan hanya, amma ba ta iya kama waƙar da yaro ya haddace.

Da muka tsaya shan ruwa na tambaye shi abin da yake so a waƙar. Ya ce tana sa shi manta bashin babur. Wata uku ke nan bai cika kuɗin mai babur ba, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya sani. Ni ma ban sani ba, alhali kowane mako ina tafa wa gangarsa.

Addu'a: Ya Uba, ka cika matasanmu da Ruhu Mai Tsarki. Ka nuna mini wanda zan ziyarta a makon nan kafin wani ya riga ni zuwa wurinsa. Cikin sunan Yesu, Amin.