Wanda ya ruɗi idon ka maƙaryaci ne?

Mai karatu, a 1980 an baje kolin ayyukan wani Ba'amurke mai suna James Turrell a gidan adana kayan fasaha na Whitney da ke New York. Wasu 'yan kallo su ka ga bango su ka jingina, sai ga su a ƙasa. Ashe babu bango a wurin, haske ne kawai! Wata mata har karaya ta samu a hannu, ta kai ƙara.

Shi Turrell, haifaffen 1943, ba ruwan sa da fenti. Haske da launi ne kayan aikin sa. A jami'a ya karanci yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani. Yakan gina ɗaki ya huda rufin, ya ɓoye fitilu a jikin bango. In ka zauna ciki da faɗuwar rana, fitilun na sauya launi, sai ka rantse samaniya ce ta koma koriya, alhali ta na nan yadda ta ke.

To, shin wannan yaudara ce? Kafin ka yanke masa hukunci, tuna cewa fim ɗin da mu ke kallo ma hotuna ne tsayayyu, guda 24 a kowace daƙiƙa, ido ne ke ɗaukar su motsi. Jarumar da ta sa ka hawaye kuwa ba ta mutu ba.

A gani na, bambancin a manufa ya ke. Maƙaryaci so ya ke ka dawwama cikin duhu. Shi ko Turrell ruɗa ka ya ke don ka gane cewa idon da ka ke taƙama da shi na iya kuskure. Mu kan ce gani ya kori ji; shi ya nuna mana ganin ma sai an tantance shi.

Amma fa ban wanke shi tas ba. Matar nan ta yarda a yi wasa da idon ta ne, ba ta yarda a karya ta ba. Duk wanda ɗan kallo ya miƙa wa idon sa, amana ya karɓa, ko Turrell ne ko daraktan fim. Saboda haka in ka gama kallo, tambayi kan ka: buɗe mani ido aka yi, ko rufe shi?