Shin Ya Kamata a Kulle Littafin Alƙali?

Duk wanda ya hau Goron Dutse da la'asar sakaliya, in ya ɗaga ido zai hangi Dala, in kuwa ya sunkuyar da kai sai idonsa ya faɗa kan katangar gidan yari. Nakan tsaya can wani lokaci in an tashi daga makaranta, in riƙa tunanin cewa duk wanda aka yanke wa hukunci a bayan katangar nan, takarda ce ta kawo shi. Shaidu suka yi magana, magatakarda ya rubuta, alƙali ya sa hannu. To, jama'a, abin da na ke so mu duba yau shi ne, wa ke da ikon karanta takardun nan? Kowa da kowa ne, ko kuwa akwai lokacin da ya kamata a kulle su don kada a zub da jinin wani?

Kada mai karatu ya zaci maganar wata ƙasa na ke yi. A watan Mayu na 2015 taron mutane ya cinna wa kotun shari'ar Musulunci ta Rijiyar Lemo wuta, saboda fushi da waɗansu da aka tuhuma da ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Daga nan sai aka mai da shari'ar a ɓoye. A watan Yuni aka ji an yanke wa mutum 9 hukuncin kisa, a Janairu na 2016 kuma aka yanke wa mai wa'azin nan Abdul Inyas irin wannan hukunci, shi ma a ɓoye. Ban zo in tattauna laifin ba, wannan aikin malamai ne. Maganata a kan ƙofar da aka rufe ta ke.

Ni dai ban ga laifin alƙalin da ya rufe ƙofa a wannan hali ba. Wanda aka ƙone masa ɗakin shari'a jiya, ba a ce masa ya shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa yau. Dokar ƙasa ma ta san da haka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, amma ya yarda a fid da 'yan kallo saboda tsaron lafiyar jama'a, ko don kare yaron da bai kai shekara 18 ba, ko don rufin asirin masu shari'a. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara da cewa a waɗansu laifuffuka, kamar ta'addanci, ana iya ɓoye sunan shaida, har a sa masa labule.

Waɗansu za su ce wannan dabarar Turawa ce. A'a, malamanmu na Malikiyya sun riga su. A wurin alƙalanmu akwai abin da a ke kira i'izari, watau kafin a yanke hukunci sai alƙali ya gaya wa wanda shaida ta hau kansa ko su wane ne shaidun, ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ko yana da suka a kansu. Amma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ware waɗansu wurare, ciki har da mutumin da a ke tsoron ya cuci shaida. Irin wannan ba a gaya masa sunan wanda ya ba da shaida a kansa. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne sharaɗin da masu sharhi suka gindaya. Suka ce in alƙali ya ɓoye sunan, to, sai ya tsaya a madadin wanda a ke tuhuma, ya bincika halin shaidun nan da kansa kamar yadda shi mutumin zai yi da an ba shi dama. Ka ga ke nan ɓoyewa ba sauƙi ta ke kawo wa alƙali ba, kaya ta ke ƙara masa.

A nan ne na ke ganin mukan yi kure. Mukan haɗa abu biyu mu ɗaure su da igiya ɗaya, alhali kuwa dabam su ke. Sunan shaida da gidansa abu ɗaya ne. Hujjar da alƙali ya dogara a kanta wani abu ne. Na farko in ya fita yana iya jawo kisa. Na biyu in ya ɓuya, to, wa zai gane in alƙali ya yi kuskure? Dubi shari'ar mawaƙin nan Yahaya Sharif Aminu, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Agusta na 2020, bayan taron mutane ya ƙone gidan iyayensa. A Janairu na 2021 Babbar Kotun Kano ta soke hukuncin, ta ce a sake shari'ar, domin an yi ta ba shi da lauya. Ko kana cikin masu son a hukunta shi, ko kana cikin masu son a sake shi, littafin shari'a ne ya nuna giɓin, kuma ɗaukaka ƙara ba ta yiwuwa sai da shi.

Amma fa kada in ruɗe ku, maganar ba ta da sauƙi kamar yadda na shimfiɗa ta. A cikin birni shafe suna ba ya ɓoye mutum. In takarda ta ce wani tela ne ya ba da shaida, mai shago kusa da masallaci, kafin a kira magariba yaran unguwa sun san ko wane ne, har da sunan kakansa. Ga kuma wayar hannu. Dā sai mutum ya je ya roƙi magatakarda kafin ya ga shafi ɗaya, yanzu kuwa a ɗauki hotonsa a watsa ta WhatsApp, ya kai Sakkwato kafin alƙali ya kai gida. Ka tuna da matar da ta kai ƙarar miji mai duka, aka raba auren, ta koma wata unguwa. In an rubuta inda ta koma a littafin da kowa ke iya buɗewa, ai kotun da kanta ta nuna masa hanya. Saboda haka wani lokaci ba suna kaɗai za a cire ba, sai an cire sana'a da unguwa da duk wata alama, ko da labarin zai ragu.

Abin da ba na yarda da shi shi ne kulle na har abada, wanda ba a faɗi dalilinsa ba. In alƙali zai kulle, ya rubuta dalili a fili, ya faɗi abin da ya kulle, ya sa wa'adi, lauyan wanda a ke tuhuma da kotun gaba kuwa su ga kome. Ina kuma da wani tsoro. In masu cinna wuta suka lura duk ran da suka taru sai shari'a ta shige ɗaki, gobe ma za su taru. Maganin taro 'yan sanda ne a ƙofar kotu, da hukunta wanda ya kawo fetur. In hayaniya ta kwanta, shekara ɗaya ko biyu, sai a fito da hukuncin ba tare da sunayen shaidu ba, ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero su karanta shi, su auna shi da Muhtasar da Tuhfa.