Ladubban Fita Zanga-zangar Lumana

Ya ƴan'uwa Musulmi, ba mu manta da ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, da aka kashe ɗalibai 3 a gadar Kennedy ta Yamai. Rai amana ne. In mun fita neman haƙƙi, kada mu riƙe makami, kada mu yi jifa, kada mu taɓa rumfar kowa. Mu tsare masu rauni daga turmutsutsu. Kada mu watsa hoton fuskar ɗan'uwa ta salula ba da izninsa ba, domin yana iya kai shi gidan kaso. Rufin asirin Musulmi wajibi ne. Allah Ya kiyashe mu, amin.