Fuska Biyu

Mun taso daga Kwanar Ɗangora da hantsi, an cusa mu a wata tsohuwar Golf mai zuwa Tudun Wada, biyu a gaba huɗu a baya. Kusa da ni wani dattijo ne mai farar riga, carbi na naɗe a hannunsa na hagu. Ba mu yi nisa ba ya zaro waya ya latsa, sai ga muryar marigayi Rabilu Musa Ibro ta cika motar. Bawan Allahn nan ya yi ta ƙyaƙyata dariya har hularsa ta karkace, yana dukan cinyata kamar mun saba, yana share ƙwalla da bakin riga. Direba ma sai leƙowa yake ta madubi. Da abin ya ƙare ya mayar da wayar aljihu, ya gyara hula, ya ja carbi biyu uku, sannan ya yi tsaki.

"Kai, ƴan fim ɗin nan, ai su suka lalata mana tarbiyya. Allah ya shirye su."

Wani saurayi da ke can jikin ƙofa ya ce, "To Baba, wa ya tura maka a waya?"

"Kai ɗan nan, ba ka da ta ido?"

Aka yi tsit. Ni ma na ja bakina na yi shiru.

Babban laifin da muke ɗora wa ɗan wasa shi ne wai rayuwarsa duk ƙarya ce: yau shi ne sarki, gobe ɓarawo, jibi malamin tsibbu. To amma shi ai bai ɓoye ba. Sunan sana'ar tasa ma kwaikwayo. Ya sa rigar wani a gaban kowa, in an tashi ya tuɓe a gaban kowa. Wanda ke da fuska biyu ta gaske shi ne mai kallon da yake shan dariya da daddare, gari ya waye ya bi sahun masu tsinuwa, kuma ko a jikinsa. Hadisi ya zo da cewa mai fuska biyu yana daga mafi sharrin mutane, wanda zai zo wa waɗannan da fuska ɗaya, ya je wa waɗancan da wata. Mun saba fassara shi a kan annamimi mai kai gulma tsakanin gida biyu. Ni a ganina ya hau kan da yawanmu a sha'anin ƴan wasa.

Dubi rayuwar shi wanda ya ba dattijon nan dariya. An haifi Rabilu Musa a 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa. Ya yi makarantar horon malamai ta Wudil, ya shiga aikin gandiroba ya yi shekara takwas, sannan ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Doguwar jar hularsa da bakinsa da ba ya shiru suka zaga ƙasar Hausa, har Nijar da zangon Ghana. Abin da ya sa ya shiga ran talaka shi ne a wurinsa talaka yake ganin kansa: matsolo mai cika baki, mayunwaci mai dabara, baƙauyen da birni ya ruɗa amma ya ƙi yarda an fi shi wayo. Manomin da ya wuni a fadamar da ruwan Tiga ke shayarwa, in ya zauna a benci a gidan kallo, ƙaninsa yake gani a allo, ko maƙwabcinsa, ko shi kansa.

A 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Kano take kan ganiyar tsanani, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari, wannan karon ta ɗaya ɓangaren ƙofar. Ba na ja da hukuncin a nan, wannan maganar masana doka ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu mutane da na sani, waɗanda ba su taɓa jin sunan fim ɗin ba sai ranar da aka yanke hukunci. Da rana suka ce madalla, maganinsa ke nan. Bayan magariba suka aiki yaro wajen mai haya ko akwai sauran kwafi.

Da ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, yana ɗan shekara 43 ko kusa da haka, sai ga bakunan nan dai suna cewa an yi babban rashi, ba za a ƙara irinsa ba. Gawa ba ta neman auren ƴar kowa, shi ya sa yabonta yake da arha.

Na ambaci aure ne don nan ne ake gane gaskiyar mutum. Akwai wani yaro a wajen Kiru da yake haɗa wasa tun yana sakandare, in an yi taron makaranta shi ne mai sa iyaye riƙe ciki. Da ya isa aure aka aika manya gidan yarinyar. Uban ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce a ba shi kwana bakwai. Amsar da ta dawo ita ce ba ya haɗa iri da ɗan dirama. Mutumin nan kuwa duk unguwar an san shi ne na farkon zama in an kunna janareta.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Akwai malamai da dattawan da ba sa kallo, ba sa bari a kalla a gidajensu, kuma abin da suke faɗa a kan mumbari shi suke yi a ɗaka. Da waɗannan ba ni da rigima, ko da na saɓa musu. Fuskarsu ɗaya ce. Haka kuma ban ce duk abin da aka ɗauka da kyamara tsarkakakke ne ba, akwai raye-rayen da ni ma ba zan zauna da ƴaƴana in kalla ba. Maganata a kan mu ne ƴan tsakiya, mu da muka fi kowa yawa, masu cin nama muna zagin mahauci.

Mutanen Bebeji sun ga wannan hali a ƙofar gidansu. A watan Yulin 2016 aka sanar cewa gwamnatin tarayya za ta gina dandalin shirya finafinai a Kofa, mahaifar ɗan majalisa Abdulmumin Jibrin, aikin da aka ce zai ci kimanin naira biliyan 3. Malamai suka yi ca a huɗubobi, gari ya ɗauka, ba a rufa wata ba aka janye maganar. Wasu sun ƙi abin ne don tsoron ɓarna, wasu suka ce jama'ar da ke neman ruwan sha da taki da asibiti ba dandali ne gabanta ba, kuma wannan hujja ce mai nauyi. Amma da a ce ranar an karɓi wayar duk wanda ya rubuta Allah wadai a Facebook an buɗe ta, da an sha kallo. Muna son a yi fim, mu dai kada a yi shi kusa da mu. Kamar mai son kilishi ne da ba ya son a gan shi a bakin mahauta.

Abin mamakin ma, kwaikwayo ba baƙo ba ne da Turawa ko Indiyawa suka sauke mana. Tashe da yara ke yi in azumi ya kai goma mene ne? Yaro ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda, ya zama tsoho, a ba shi hatsi ana dariya. Kalankuwa fa, da samari ke yi bayan an kawar da amfanin gona, a naɗa wannan sarki, wancan alƙali? Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni yana zungurar masu danniya da su. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne ɗan gidan sarauta, ya yi shekaru yana gyara zaman soja da farar hula ta rediyo da talabijin a Kaduna, ya rasu a 2023. Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017, har a wasan Turanci ya fito duk Nijeriya ta san shi. Mun tashi da muryoyinsu a kunne. Su nawa ne cikinmu suka taɓa tambayar halin da suke ciki sa'ad da tsufa da ciwo suka kwantar da su?

Illar wannan hali ba a kan ɗan wasa kaɗai take tsayawa ba. Yaron da ya ga ubansa yana dariya da dare yana tsinuwa da safe, darasin da ya ɗauka ba na fim ba ne. Ya koyi cewa abin da ake faɗa a zaure daban, abin da ake yi a ɗaki daban, kuma haka manya suke rayuwa. Gobe in ya zama ɗan kasuwa ko ma'aikaci, da wannan ma'aunin zai auna. Sannan sana'ar da aka ƙi yarda mai mutunci ya shiga, ba abin mamaki ba ne in wanda ba ya tsoron zubar da mutunci ya yi yawa a cikinta. Mu muka kori na kirki, mu kuma muke kukan babu na kirki.

Da muka isa tashar Tudun Wada kowa ya sauka yana miƙa. Masu wucewa Doguwa suna ta cinikin wata motar, ana maganar a ratsa dajin Falgore da sauran rana. Dattijon ya yafito saurayin nan gefe, can bayan mai rake, ya sassauta murya.

"Ɗan nan, zo mana. Wannan da na kalla, an ce akwai na biyunsa. Kana da shi?"

Saurayin ya ce wallahi Baba ba shi da shi. Ni nake da shi. Na waiga hagu da dama, sannan na ce, "Alhaji, kawo wayar."