Ina Ruwanmu da Ruwan Wankin Hoto?

Da sana'ar hoto ta iso ƙasar Hausa, sai Bahaushe ya kira aikin fito da hoto daga fim da sunan wanki. Mai hoto ya ɗauke ka ranar sallah ko ranar suna, ya ce ka dawo jibi in an wanke. Sunan ya dace, domin aikin kusan duk na ruwa ne. Sai dai kowane wanki yana barin dauɗa, kuma a duk shekarun da aka yi ana kai fim situdiyo, da wuya a sami wanda ya taɓa tambayar inda ruwan wankin yake zuwa.

Yanzu tambayar ta dawo ta wata ƙofa. Bayan wayar hannu ta kusa kashe fim, matasa a ƙasashe da dama sun koma gare shi, wasu kuma suna wanke fim ɗin baƙi da fari a gida da kayan kicin. Suna cewa hanyar ba ta cutar da muhalli. Abin da nake son mu duba shi ne: in mutum ya canza sinadari mai guba da kofi, ya sauke nauyin da ke kansa ke nan?

Sai mun san yadda aikin yake kafin mu yanke hukunci. Fim leda ce da aka shafe da wani irin danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan haske ya taɓa su, sukan riƙe alamar da ido ba ya gani. Ruwan farko, mai fito da hoto, shi ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, a sami abin da muke kira dodon hoto. Ruwa na biyu, fiksa, shi ke narkar da sauran ƙwayoyin da haske bai taɓa ba ya fitar da su, don kada hoton ya baƙe idan aka fito da shi sarari.

Ruwan farko na kamfani yakan ƙunshi sinadarai irin su haidurokwinon, mai illa ga halittun ruwa da fatar mutum. A 1995, wani malami mai suna Scott Williams da ɗalibansa a Cibiyar Fasaha ta Rochester da ke Amurka suka nuna cewa kofi zai iya wannan aiki. Daga baya aka ƙara masa bitamin C, aka san haɗin da suna kafenol. Wani sanannen awo shi ne giram 40 na garin kofi, giram 16 na bitamin C da giram 54 na sodar wanki a cikin lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa fim na kimanin minti 15 a ma'aunin zafi 20. A Kano, inda zafi kan haura 40 a watan Afrilu, sai an nemo ƙanƙara. Haɗin yana da wari, amma yana fito da hoto, kuma babu shakka ya fi na kamfani sauƙin illa.

Matsalar tana ruwa na biyu. Tun 1819 John Herschel ya gano sinadarin da ke narkar da gishirin azurfa, kuma har yau shi da danginsa ake amfani da su. Ko da an sami abin kicin da zai maye gurbinsa, ba a tsira ba, domin azurfar daga jikin fim ɗin take fita. Duk ruwan da ya wanke ta, shi zai ɗauke ta, kuma azurfa idan ta saki a ruwa guba ce ga kifi da ƙananan halittu. Kofi ya gyara rabin da muke gani muke shinshinawa, ɗaya rabin yana nan yadda yake.

Mu da ke Kaura Goje da kewaye mun san cewa kwata ba ta ƙarewa a ƙofar gida. Rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai, yana haɗewa da Jakara, ruwan ya gangara zuwa madatsar Wasai a Minjibir. A bakin hanyarsa manoman rani suna ban ruwa wa latas da alayyafo da kabeji, su kawo mana kasuwa. Abin da mutum ya zubar da dare yana iya dawo masa a kwano.

Wani zai ce wannan tsantseni ne na masu hali. Me lita ɗaya za ta ƙara a ruwan da kamfanonin jima da na wasu sana'o'i suka daɗe suna gurɓatawa? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ta fuskar lissafi gaskiya ce: alhakin mai masana'anta da na hukumar da ta ƙyale shi ya fi na mai wanke fim ɗaya nesa ba kusa ba. Amma hujjar da ya kawo ita ce ainihin wadda kowane mai zubarwa yake kawowa. Mai ƙaramar masana'anta yana nuna babba, babba yana nuna na Sharaɗa da Challawa. Da yayyafi kogi kan cika. Malaman fiƙihu da suka karantar da mu haramcin ɓata mashayar jama'a ba su ce sai dauɗar ta kai wani awo ba. Abin da suka duba shi ne cewa akwai wani a gaba da zai sha.

Kano tana da tsohon misali na wata hanyar tunani. A karofi irin na Ƙofar Mata, da baba da toka ake haɗa ruwan rini. Idan ruwan ya mutu, laka takan taru a gindin rijiyar, ita ce katsi. Marina ba sa watsar da ita. Akan busar da ita a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso, wanda ake dalaye rijiyoyin rini da rufin soraye da shi don kada ruwa ya ci su. Majema kuwa da bagaruwa suke jima kafin zuwan sinadarin kuromiyam. Ba ina cewa karofi da majema ba su da wari ko ƙazanta ba. Abin lura shi ne sharar sana'a tana da suna, tana da mai ita, tana da inda za ta. Mai sana'ar bai ɗauka aikinsa ya ƙare ba don kawai ya tsamo zane.

Wanda ya ce wayarsa ta raba shi da duk wannan, shi ma ya sake dubawa. Aikina rubuta manhaja ne, kuma na san hoton da aka ce an ajiye a intanet yana zaune ne a wasu manyan ɗakunan kwamfutoci masu shan lantarki dare da rana, ana sanyaya su da ruwa ko iska. Wayar kanta da ma'adinan da aka haƙo aka ƙera ta, kuma in ta lalace juji za ta. Bambancin shi ne nisa. Mai waya ba ya ganin dauɗarsa, mai wanke fim kuwa ga ta nan a gora a hannunsa, sai ya yanke shawarar abin da zai yi da ita. A ganina wannan ce babbar fa'idar wankin hoto a gida, ta fi ta kofin.

Shawarar kuma ba mai wuya ba ce. Fiksa ana maimaita amfani da shi sau da yawa kafin ya gaji. In ya gaji, a zuba shi a gora, a jefa soson ƙarfe mai laushi irin wanda ke tsatsa, a bar shi kwanaki. Ƙarfen zai narke a hankali, azurfar ta kwanta baƙa a ƙasa, a tace a adana ta. Aikin ba ya cin kuɗi, haƙuri kawai yake ci.

Saboda haka amsata ita ce a'a, kofi bai sauke nauyin ba, ya dai rage shi, kuma ragin abin yabo ne. Haɗarin yana cikin laƙabin. Da zarar an ce abu ba ya cutar da muhalli, sai zuciya ta kwanta, tambaya ta tsaya, mutum ya tuttula fiksa a kwata yana ganin ya yi abin kirki. Wanda ya damu har ya auna kofi da bitamin C giram-giram don kada hotonsa ya lalace, ya kamata ya yi wa manomin bakin Getsi irin wannan awon kafin ya buɗe murfin gorar.